Jan Bakin Yaya Hansai a Shiraz

Tun da muka dawo daga Iran ni da Yaya Hansai ban huta ba. A gidan suna, a gidan gaisuwa, a bakin injin niƙa, har cikin motar Kiru, tambayar ɗaya ce: "Mama Ladi, yaya ƙasar take?" Idan na ɗauko daga farko sai wata ta katse ni ta ce in fara da jirgi, wata ta ce a'a, abinci tukuna. Ni kuwa ban saba da magana mai tsalle-tsalle ba. Aikin kula da ɗakin kwanan 'yan mata na yi a makarantar kwana a Tudun Wada har na yi ritaya, kuma abin da na koya wa yara shi ne kowane abu da gurbinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata, kuma kada a tsallake.

Dalilin tafiya shi ne ciwon Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni ce auta, a bayanta na girma. Ta daɗe tana haki, ƙafafu na kumbura, har ya kai daga ɗakinta zuwa madafi sai ta zauna a hanya. Likita a Kano ya ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarta ta daina rufuwa daidai, sai an sa mata wata. Shi a Iran ya yi karatu, shi ya haɗa mu da wani asibiti a garin Shiraz. Ɗanta Alhaji Ɗanlami, mai sayar da hatsi a Kwanar Dangora, shi ya ɗauki nauyi, shi ya yi zirga-zirgar fasfo da biza. Aka ce a can namiji ba ya jinyar mace a ɗakin mata, dole a tafi da mace. Aka duba dangi aka ce Ladi ce ba ta ruɗewa.

Mun bar garinmu Yako da hantsi. Kayan na shirya su da hannuna: magani a sama, takardun asibiti a aljihun gefe, tufafi a ƙasa. A Kwanar Dangora muka tsaya don Ɗanlami ya yi sallama da abokan kasuwancinsa, sai ga matansu da ƙunshe-ƙunshe, wannan dambun nama, wannan daddawa, wannan yaji. Na ce ba a shiga jirgi da su. Yaya ta ce ba a mayar da hannun kyauta. Kafin in gama gaisawa da mutane ta buɗe jakar ta cusa komai, ta ƙara da nata da ta ɓoye mini tun daga gida: goro a cikin jiƙaƙƙen algarara, busasshen furen taba a gwangwani, da damin asawakin marke da wata Bafulatana ƙawarta ta yanko mata daga wajen Falgore.

Jirgi ba shi da wani labari. Ka zauna, a ɗaura maka bel, a kawo maka abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara. Abin da ya dame ni shi ne bayan gidansa ba buta. A Doha muka sauka muka canja wani. Can ne matakala mai tafiya da kanta ta cinye mini gefen takalmi, na ƙarasa tafiyar ina jan ƙafa. Yaya da ake turawa a keken marasa lafiya tana ta yi mini dariya tana haki.

A filin jirgin Shiraz wata ma'aikaciyar kwastan ta buɗe jakarmu. Daddawa ce ta fara gaishe ta. Ta ja da baya ta kira abokin aikinta. Suka ware daddawa da dambu gefe guda, ba mu sake ganinsu ba. Suka jujjuya asawakin suka ajiye. Da suka zo kan goro sai suka tsaya suna kallon juna. Yaya ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta ci rabi ta miƙa wa namijin rabi. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, abokan aikinsa suka fashe da dariya. Yaya ma ta yi dariya har haƙoranta suka bayyana. Nan take matar ta daina dariya, ta zaro farar takarda mai laushi ta miƙa mata tana nuna bakinta. Ta zaci jini ne.

Sai in yi wa yaran yanzu bayani. Matan zamanin Yaya da goro da furen taba suke ado. A tauna goro, a goga fure a haƙora, yau da gobe har su rine su yi ja mai duhu kamar ƙwallon dabino. Ni makaranta ta hana ni. Ita kuwa tun ranar da aka sa ta a lalle Innarmu ta goga mata na farko, ba ta fasa ba. A duk Yako waɗanda suka rage da irin wannan baki ba su da yawa, kuma na Yaya ya fi na kowa kama.

Masaukinmu wani ɗan gida ne kusa da asibiti, ɗaki biyu da madafi. Zan faɗi gaskiya, mutanen nan suna da tsari. Ba a shiga da takalmi, ko'ina darduma, kuma bayan gida yana da silifas ɗinsa na musamman da ba ya fitowa waje. Da na san wannan tun ina aiki da na kafa shi doka a ɗakin kwanan yara. Buta kuwa tana nan irin tamu sak. Burodinsu faffaɗa ne kamar tabarmar salla, za ka ga dattijo da kwat ya rataya shi a hannu tsirara yana tafiya a titi. Shinkafarsu doguwa ce, fara, ba yaji ko kaɗan. Mai gidan ta kawo mana abinci ranar da muka sauka, ta ɗora ƙanzo a sama ta tura gaban Yaya. Yaya ta dube ni ta ce, "Ladi, daga zuwa sai ƙanzo? Awaki ta ɗauke mu?" Daga baya muka gane a wurinsu ƙanzo shi ne rabon babban baƙo, yara har faɗa suke yi a kansa. Shayi kuwa ba sa zuba masa sukari. Ƙwayar sukarin suke sawa a baki su riƙa kurɓa ta kanta. Sallarsu da ɗan bambanci, suna ɗora goshi a kan wani ɗan curin ƙasa. Ba wanda ya ce mana don me, mu ma ba mu ce wa kowa ba.

Aka kwantar da Yaya a ɗakin mata, gado biyu ne a ciki. Aka yi gwaje-gwaje, aka sa ranar aiki. Sai tafintan asibiti, wani mutum mai jin Turanci, ya gaya wa Ɗanlami cewa saura abu ɗaya: ba a buɗe zuciyar mutum sai likitar haƙora ta duba bakinsa ta sa hannu. Dalili, idan akwai ruɓa a dasashi ƙwayoyin cuta suna bin jini su sauka a kan sabuwar ƙofar. Ya ƙara da cewa kada a yi wasa, don bikin sabuwar shekararsu ya matso, kuma idan ya shigo babban likitan zai tafi hutu mai tsawo. Wanda ya rasa layinsa sai bayan biki. Na dubi ƙafafun Yaya da suka yi suntum, na san ba ta da wannan lokacin.

Muka tura ta ɗakin likitar haƙora. Mace ce, ba ta kai Ɗanlami shekaru ba. Yaya ta buɗe baki, likitar ta leƙa, ta kira wata ita ma ta leƙa. Daga nan magana ta kama hanya mai nisa. Likita ta faɗa wa tafinta da Farisanci, tafinta ya faɗa wa Ɗanlami da Turanci, Ɗanlami ya juyo wurinmu. Abin da likita ta daɗe tana faɗa, da ya iso gare mu ya zama guntu.

"Iya, cewa ta yi za a wanke bakin kawai."

"Wanki kamar yaya?"

"Da inji. Yanzu a gama."

Aka kunna injin yana tsuwa kamar sauro. A bangon ɗakin akwai hoton wata mata tana murmushi da haƙora farare tas. Yaya ta nuna shi da haɓa.

"Haka za su mayar da ni?"

"To ai ya fi kyau, Iya. Mutane sai kallonmu suke yi tun daga filin jirgi."

Yaya ta rufe baki. Ta ja gefen mayafi ta ɗora a kai. Likita ta yi lallashi, tafinta ya yi, Ɗanlami ya durƙusa a gabanta. Ta ƙi buɗewa. Likitar ta ba mu buroshi da wani ruwan kurkure baki, ta ce mu je mu yi shawara, amma ba za ta sa hannu ba.

Da muka koma ɗaki na yi abin da na iya. Na tsaya a kanta da buroshi a hannu kamar yadda nake tsayawa a kan yara da asuba ina duba haƙora da farce. Na ce mata kuɗi aka kashe, ƙasa aka ƙetare, ba za a koma da ciwo saboda kwalliya ba. Na ce ta buɗe baki.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke Ladi, ni kike wa tsawa? Majinarki da gefen zanina na share ta. Wannan abin na hannunki kuma ki kai shi can. Gashin alade ne, kowa ya sani. Ban taɓa sa shi a bakina ba, ba kuma a tsufa zan fara ba."

Ta juya wa bango fuska. Aka kawo abinci ta ƙi ci. Sai bayan la'asar, ina matsa mata ƙafa, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kin san aikin nan ba kowa ke tashi ba."

Na ce ta daina.

"Ki bar ni in faɗa. In ban tashi ba ke za ki wanke ni. Ba ni da kowa a nan sai ke. Ki zo ɗaure mini haɓa ki ga bakin wata? Inna ce ta sa mini shi. Mijina Malam da shi ya san ni har ya koma ga Allah. Na yarda su tsaga ƙirji, na yarda su sa ƙarfe. Wannan ɗaya su bar mini."

Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Washegari na tari Ɗanlami a lokacin ziyara na ce ya gaya wa tafinta a tambayi likita ko za a iya gyara abin da ya lalace a bar launin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama Ladi, da wane baki zan faɗi wannan? Su ce mun fito daga daji? Ki lallashe ta kawai." Ya gwada wayarsa mai fassara, na yi magana a ciki, abin da ta fitar ya sa wata nas ta dube mu ta tafi. Nan na gane in dai maganar nan za ta isa kunnen likita yadda take, sai dai ta fita daga bakina.

A ɗaya gadon akwai wata tsohuwa da ake kira Bibi, ita ma zuciya ce. 'Yarta Gulnar ke jinyarta, mace mai ƙiba da fara'a, sa'ar ƙanwar Ɗanlami. Makiyaya ne daga duwatsu, ta nuna mini hoton tumakinsu da baƙar rumfarsu ta gashi a waya. A tsakaninsu wani yare suke yi daban, sai nas ta shigo su juya Farisanci, kamar dai Fulanin Doguwa da Fulatanci da Hausa. Gashin Bibi ja ne jawur da lalle, tafin hannunta ma haka.

Kowace safiya ni da Gulnar muke haɗuwa a bakin famfon ɗakin. Ran nan na riƙe hannunta, na ƙwanƙwasa haƙorina da farce na ɗaga mata gira. Ta ce, "Dandan." Na maimaita. Na zagaye bakina da yatsa. "Dahan." Na buɗe famfo. "Ab." Na ɗaga buroshi ta ce "mesbak", na ji kamar ɗan'uwan asawakinmu ne. Da na nuna mata na marke ta ce wannan "cub" ne, wato itace.

Ban bar ta ta koya mini barkatai ba. Ita so take ta nuna mini taga, fanka, takalmi, duk abin da idonta ya faɗa a kai. Na ce a'a da hannu. Na jera abin yadda ake yin sa: a buɗe baki, "baz kon." A goga, "mesbak bezan." A hankali, "yawash." Dasashi, "lase." A kurkure, a tofar. Sai na ƙware a ɗaya muke wucewa na gaba, in ta yi tsalle in dawo da ita. Har ta riƙa ƙamewa tana sara mini kamar soja tana ce wa uwarta wani abu, su yi ta dariya. Na san da ni suke. Ban damu ba, yara ma sun yi mini a bayan ido.

Harshena ya sha wuya. Akwai harafin da suke kakaro shi daga maƙogwaro kamar mai kaki. Kalmar jini da shi take farawa, ni dai "hun" na iya cewa, Gulnar ta gaji ta ƙyale ni. Saura kalma ɗaya da na fi buƙata, na rasa yadda zan tambaya. Sai na je na taɓa gashin Bibi, na taɓa tafin hannunta, na nuna bakin Yaya. Gulnar ta buɗe ido ta ce, "Rang!" Launi ke nan. Ta juya ta yi wa uwarta bayani da yarensu.

Bibi ta sauko daga gado da ƙyar, ta dafa ƙarfe ta zo ta zauna a gefen Yaya. Ta yi mata alama ta buɗe. Yaya da ta ƙi likita, ta ƙi ɗanta, ta ƙi ni, sai ga shi ta yaye mayafi ta buɗe wa wannan tsohuwa. Bibi ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai ta ce, "Gashang." Gulnar ta sumbaci yatsunta don in gane: kyakkyawa. Yaya ta ce, "Ladi, wannan ta san abin duniya. Ba ta goro." Bibi ta gatsa, ta runtse ido, ta daure ta haɗiye don kunya. Ita kuma ta ba Yaya wani busasshen curin nono mai gishiri, Yaya ta daure ta haɗiye don kunya. Daga ranar suka zama ƙawaye, kowace tana yi wa ɗaya hira da yarenta, kowace tana amsawa a inda ta ga dama.

Maganar buroshi ma Bibi ce ta kashe ta. Na nuna gashinsa na ce "haiwan", na ce "haram", don waɗannan kalmomi namu da nasu ɗaya ne. Gulnar ta kama ciki tana dariya. Bibi ba ta yi dariya ba. Ta sa aka tura su ita da Yaya baranda, ta karɓi ashana a wurin wata mai shara. Ta tsinke gashin kanta ɗaya ta ƙona, ta kai wa Yaya hanci: ƙaurin gashi. Ta tsinke na buroshin ta ƙona, ya narke ya dunƙule yana warin leda. Yaya ta shinshina sau biyu ta ce, "Roba ce." Ta ƙara da cewa, "Amma dai marke ya fi shi." Ban yi musu ba.

Ranar da muka koma wurin likitar haƙora na ce wa Ɗanlami da tafinta su tsaya a waje, maganar baki ta mata ce. Na tsaya kamar yadda nake tsayawa gaban shugabar makaranta. Na gaishe ta, na nuna haƙoran Yaya na gaba na ce, "Rang. Hun nist." Launi ne, ba jini ba ne.

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Na fito da goro da gwangwanin fure, na nuna mata yadda ake yi a kan nawa haƙorin. Na nuna Yaya, na nuna tsawon yarinya da hannu, na ce "madar", wato uwa, don ta san wanda ya fara sa mata. Sannan na faɗi wadda na fi maimaitawa a bakin famfo: "Rang pak nakon." Kada ki goge launin.

Ta shinshina furen ta yamutsa fuska, ta ce "na" da ƙarfi, wato a'a, tana nuna zuciya. Wannan na gane, kuma na san gaskiyarta. Sai ta sa safar hannu ta dubi Yaya, ta dube ni. Na ce, "Yaya, buɗe. Dubawa kawai za ta yi, ina tsaye." Ta buɗe. Likitar ta goga auduga a fuskar haƙorin gaba ta nuna mini: ba komai. Ta ce, "Rang." Ta sake ɗaukar wata ta danna gindin haƙoran can ciki ta nuna mini: ja, jiƙe. Ta ce, "Hun." Ta jawo ni ta haska fitila, na ga datti ya daskare kamar dutse a bakin dasashi, ga haƙori ɗaya na can ƙurya ya ruɓe ya yi rami.

Na gaya wa Yaya abin da na gani ba ragi. Na ce akwai jini, kuma ba na goro ba ne.

"To me ta ce?"

Na juya wurin likita. Na bi gindin haƙorana da farce na ce, "Lase, bale." Dasashi, e. Na shafa fuskar haƙoran gaba na ce, "Rang, na." Likitar ta jawo kayan aikinta. Ta ɗaga wani ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa ta ce "bale". Ta ɗaga wani mai kan roba mai juyawa, wanda shi ne ke sa haƙori ya yi fari, ta buɗe aljihun tebur ta jefa shi ta rufe. Ta nuna ruɓaɓɓen ta yi alamar cirewa. Ta ɗaga asawakin marke ta duba bakinsa, ta nuna haƙoran gaba. Ta ɗaga buroshi ta nuna na ciki ta ce, "Yawash. Sobho shab." Safe da dare.

Na ce, "Yaya, za ta kankare gindin, za ta cire ɗaya na can ciki da ba mai ganinsa. Na gaba ba za ta taɓa fuskarsu ba. Amma fure kin gama da shi, goro ma sai abin da likitan zuciya ya ce. Launin zai riƙa kodewa da kansa."

Ta ce, "In ya tafi da ƙafarsa wannan daban. Kora ce ban yarda ba. Ta rantse?"

Ban san kalmar rantsuwa ba. Na dubi likitar na ce, "Wallahi?" Ta yi dariya ta dafa ƙirji ta ce, "Wallah." Yaya ta gyara kwanciya a kujera ta buɗe baki, ta kama hannuna ta riƙe har aka gama. Da dasashin ya lafa likitar ta sake dubawa ta sa hannu, biki bai riga ya shigo ba.

Ranar aiki ba zan iya ba da labarinta da tsari ba, don ban san yadda ta wuce ba. Na san dai Gulnar ta zauna tare da ni a kan benci tana ta cusa mini shayi, Ɗanlami yana kai da komo da carbi. Likita ya fito ya ce an yi nasara. Aka kai ta wani ɗaki na musamman da ba a barin 'yan jinya su shiga.

Washegari da rana wata nas ta zo tana nemana da sauri. Ta yi magana mai yawa, a ciki na tsinci biyu: "hahar", 'yar'uwa, da "dandan". Na bi ta. Aka sa mini riga da hula da abin rufe hanci. Yaya tana kwance, robobi ta ko'ina, an cire mata na maƙogwaro amma murya ba ta fita. Nas ɗin ta nuna mini da hannu cewa tun da ta farfaɗo take yage leɓe tana nuna baki. Sun ba ta ruwa, sun ba ta maganin ciwo, ta ƙi natsuwa, injin da ke kanta sai ƙara yake.

Na sunkuya na ce, "Yaya, ni ce. Ciwo yake yi?"

Ta girgiza kai. Ta sake yage leɓe tana kallona da ido a waje. Sai na gane. Sun sa ta barci mai nauyi, ba ta san abin da aka yi da ita ba.

Na ce, "Suna nan. Ba wanda ya taɓa."

Ta harare ni. Ta san ni da son fararen haƙora. Na juya wurin nas, ban san sunan madubi ba, sai na buɗe tafin hannu a gaban fuskata ina gyara hula. Ta fita ta dawo da ɗan ƙarami daga jakarta. Na riƙe wa Yaya. Ta duba na sama, ta duba na ƙasa, ta karkata kai ta duba gefe. Ta saki numfashi. Ƙarar injin ta lafa, nas ɗin ta dubi allon ta dube ni.

Na ce, "To kin gani. Zuciyar fa, ba za ki tambaya ba?"

Ta motsa baki, na kai kunne. Da ƙyar na ji.

"Ita ai ba mai ganinta."

Ta lumshe ido ta yi barci. Nas ɗin ta tambaye ni da hannu me ta ce. Kalmomina ba su kai nan ba, sai na ce mata, "Gashang."

Mun dawo gida ta hanyar da muka bi. Bibi an sallame ta kafin mu, ta bar wa Yaya ƙullin lalle, Yaya ta ba ta asawaki biyu. Yanzu Yaya tana zuwa madafi da ƙafarta ta dawo ba ta zauna a hanya ba. Masu zuwa dubiya ku riƙa zuwa bayan azahar, ku daina kawo mata goro, kuma wadda ta ga launin ya fara kodewa ta riƙe a cikinta.